Dutsen Felista

Gervazio Shawa yana kokawa da taye a gaban madubi lokacin da 'yarsa Misozi ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki, waya a hannunta.

"Kawu ne kuma," ta ce. "Gobe da safe za su hau mota daga Chipata, shi da su Gwaggo. Amma ya ce sai ya ji daga bakinka cewa Asabar ɗin tana nan."

"Ce masa zan kira shi da yamma."

"Haka ka ce jiya."

"Jiya ba Talata ba ce."

Misozi ta dube shi tun daga takalmi har wuya. Baƙar kwat ɗin aiki ya saka, wadda ya yi ta tuƙa jakadun Fafaroma da ita kafin ya yi ritaya. Yanzu ta yi masa yawa a kafaɗa.

Damina biyu ke nan dutsen kabarin matarsa Felista yana lulluɓe. An kafa shi da ta cika shekara da rasuwa, aka naɗe shi da farin ƙyalle kamar yadda ake yi, ana jiran ranar da dangi za su taru, Fada ya yayyafa ruwan albarka, ɗan fari ya yaye. Tun tana gadon asibiti Felista ta ce Dalitso ne zai yaye mata. Dalitso shi ne ɗan farinsu. Fada ne, limamin cocin Katolika, kuma tun da ƙuruciyarsa aka ɗauke shi zuwa makarantar jakadun Fafaroma a Roma, daga nan sai ƙasa bayan ƙasa. Ranar da uwar ta rasu yana can kan duwatsun Amurka ta Kudu, shi kaɗai a gidan jakadanci: an ɗauke ogansa, sabo bai iso ba, gidan kuma ba a barinsa babu kowa. A waya ya ga jana'izar. Misozi ce ta ɗaga wayar a kan ramin har hannunta ya sage. Ya zo daga baya, ya yi 'yan kwanaki, ya koma. Tun daga nan sau biyu ana sa ranar buɗe dutse, sau biyu yana bugowa ya ba da haƙuri. A karo na uku dangin Felista suka sa rana da kansu, suka ce ko da shi ko babu shi.

To ranar Lahadin da ta wuce sai ga wayarsa. Ya ce Talata da tsakar rana za a yi wata sanarwa daga Roma, labari ne mai daɗi, amma an hana shi faɗa. Gidan jakadancin Fafaroma na nan Lusaka kuwa tun Ista babu jakada a cikinsa. Gervazio ya haɗa wannan da wancan, ya kwana biyu barci bai ishe shi ba.

"Baba," in ji Misozi, "kai ka tuƙa su shekara da shekaru. Ka taɓa ganin an kawo ɗan ƙasa?"

"Da na fara aiki, ko baƙar fata ba a taɓa gani jakada ba. Yanzu fa?"

"Shi ne ka je ka faɗa wa matan zumuntar coci."

"Ban faɗa musu komai ba. Cewa na yi su yi addu'a."

"Addu'ar ce ta sa har sun fara neman mai buga atamfa da hotonsa?"

Ya ja tayen ya zauna daidai. "Idan shi ne, sai a ɗaga. Wata ɗaya, wata biyu. Ya zo da tuta a gaban mota ya yaye wa uwarsa. Kawunki ma sai ya fi kowa baki a Chipata."

"Ruwa ya kusa sauka, Baba. Wannan ƙyallen na uku ne da na ɗaura, kuma ya fara yagewa ta gefe." Ta juya wayar a hannunta. "Idan ba shi ba ne fa?"

Gervazio ya ɗauki hularsa ya fita.

Ƙaramar bas ɗin da ya samu a Chilenje a cike take, zafin Oktoba ya sa kowa ya yi shiru. Kwandasta ya matsa masa wuri kusa da ƙofa, ya ƙare wa kwat ɗin kallo, ya kira shi da sunan da suke kiran dattijo.

"Mudala, a wannan zafin? Kotu za ka ko neman aure?"

"Wurin aiki."

"A shekarunka? Ba ka da 'ya'ya ne?"

"Ina da su," in ji Gervazio. "Longacres zan sauka."

Daga shataletale ya ƙarasa da ƙafa, yana taka furen jakaranda da ya rufe gefen titi. Tutar nan mai fari da ruwan ɗorawa tana rataye a sandarta a gaban gidan jakadancin, babu iskar da za ta motsa ta. Kafin ya ƙwanƙwasa, ƙaramar tagar ƙofa ta buɗe.

"Wa nake gani haka? Shawa, ka makara. Mun sa wa ɓerayen gidan nan magani, babu abin da za ka samu na miya."

"Har yanzu ba su gane mai cin biri suka ba gadi ba? Shi ya sa duk unguwar nan ko jelar biri ba a gani."

Chitalu maigadi ɗan Bemba ne, Gervazio kuwa Ngoni ne daga gabas, wasan da ke tsakaninsu ya girme su duka. Ranar jana'izar Felista, Chitalu ne ya baɗe masa kai da garin masara kamar yadda abokan wasa ke yi a biki da makoki, sannan ya karɓi shebur ya shiga rami.

Ya buɗe ƙofar, amma bai kauce ba. "Sanarwa ka zo ji."

"Wa ya gaya maka?"

"Matata tana zumunta." Ya sosa ƙeya. "Shawa, ka dai san yadda suke yi."

"Na sani."

"To." Ya kauce. "Shiga, kada rana ta ƙarasa narkar da ɗan abin da ya rage a cikin kwat ɗin nan."

Baƙar motar tana ƙarƙashin rumfa, an wanke ta fes. Ɗan sandar tutar da ke gefen bonet yana sanye da hularsa ta fata. Ba a cire hular sai jakada yana cikin mota, tun Ista ke nan ba a taɓa ta ba. Gervazio ya sa hannu ya share 'yan furannin da suka faɗo kan gilashi, ya wuce.

A babban falo ya tarar da Monsinyo Chacko tsaye a kan kujera, guduma a hannu, ƙusa a baki. Fada ne mutumin Indiya, bai kai arba'in ba, shi ne sakataren gidan, kuma shi ke riƙe da shi tun da jakada ya tafi. Ya cire ƙusar ya sauko.

"Baba Shawa! Ka same ni ina aikin kafinta. Za a yi liyafar tunawa da ƙulla hulɗa mako mai zuwa, na ce bari in fito da kakanninmu su sha iska."

Hotunan tsoffin jakadu ne jere a bango, daga bakin ƙofa har kusa da taga. Chacko ya ce zai je ya sa a kawo shayi, ya bar shi da su.

Na farko ya dushe ƙwarai. Wani mutum ne da farar hular rana a tashar jiragen ruwa ta Mombasa, tun zamanin da wakili ɗaya ke kula da duk wannan yanki, yana jin labarin ƙasashe ta wasiƙa. Na biyu a Nairobi aka ɗauke shi. Sai wanda ya fara zama a Lusaka bayan samun 'yanci, aka haɗa masa da Malawi. Waɗannan Gervazio bai san su ba. Daga na gaba ne ya fara sanin ƙeyar kowa da tarinsa, don a madubin mota ya fi ganinsu.

Ga Sannu-Sannu, wanda ba ya sakin mariƙin ƙofa tun daga Lusaka har Lilongwe ta Malawi. Ga Mai Tumatir, da ya zo da iri daga ƙauyensu a cikin ambulan ya shuka a bayan ɗakin addu'a, aka ɗauke shi ana saura kaɗan su nuna, ma'aikata suka cinye. Wani ya bar kare. Wani ya bar tukunyar gahawa da har yau babu wanda ya iya amfani da ita. Duk su zo ba su jin ko gaisuwa, su koyi cin nshima, tuwon masarar ƙasar, da cokali, sannan da hannu, ranar da suka fara gane barkwancin mutane kuma sai takarda ta zo. Shi ke kai su filin jirgi, ya dawo da mota da hula a kan tuta.

A gaban hoton wani dogo mai ƙaramin tabarau ya daɗe. Dogo kawai suke ce masa. Wata safiya suna shirin tafiya Malawi naɗin bishop, kuku ya raɗa wa Gervazio cewa an bugo waya, uwar oga ta rasu, yau za a binne ta. Gervazio ya juya hancin mota wajen filin jirgi. Dogo ya shigo ya zauna, ya ce, "Lilongwe." Bai ƙara cewa komai ba har suka iso gadar Luangwa, inda mata ke sayar da busasshen kifi da kwanduna. A nan ya ce a tsaya. Ya fita da doguwar rigarsa, ya je wurin wata tsohuwa mai kwanduna, ya zauna a kan bencinta. Tana ta yi masa zance da yaren da ba ya ji, shi kuma yana gyaɗa kai. Sun daɗe a haka. Ya sayi kwando ɗaya, ya dawo, ya ce, "Mu je, Gervazio."

Da ya koma gida ya ba Felista labari, ya ce mutanen nan ba su da zuciya. Tana tsince ganyen kabewa, ba ta ɗago ba. Ta ce wataƙila a gida suke barinta. Bayan 'yan shekaru bishop ya zaɓi Dalitso ya tura shi Roma, Felista ta yi rawa a tsakar gida har ɗankwalinta ya faɗi.

Bayan hoton ƙarshe akwai ƙusa ɗaya a bango, ba a rataya mata komai ba.

"Na buga ta tun yanzu," in ji Chacko daga bayansa, tire a hannu. "Kada in sake hawa kujera idan sabo ya zo."

Gervazio ya auna wurin da ido. Fuskar Dalitso faɗi gare ta, irin ta uwarsa, amma za ta shiga.

Suka zauna. Chacko ya zuba masa shayi, ya tura masa sukari.

"Ka san na zauna da ɗanka? Gidan da aka fara tura ni, shi ne babba a kaina. Duk Lahadi sai ya kori kuku daga kicin ya tuƙa nshima da wani garin masara da yake samowa a kasuwar baƙi. Ya tilasta mana mu ci, har da jakada. Yana gamawa sai ya ce a banza, tunda babu miyar ganyen kabewa da gyaɗa irin ta uwarsa."

"Bai iya tuƙi ba. Gudaji yake yi."

"Ashe gudaji ne? Mu ce mana ya yi haka ake so."

Gervazio ya yi 'yar dariya, ya ajiye kofi. "Fada, ka san abin da za a faɗa yau?"

"Ba a gaya mini ba. Wanda zai zo nan ma ban san shi ba." Chacko ya dubi ƙusar, ya dubi tsohon, ya sassauta murya. "Baba, ba a tura mutum ƙasarsu."

"Na ji ana faɗa. Ban taɓa jin dalili ba."

"Jakada shi ke bincike a kan wanda za a ba bishop. Idan yana da kawu a nan, yana da ɗan ajinsu, yana da ƙabila, duk wanda ya zaɓa sai a ce ya yi son kai. Baƙo ake so, wanda ba shi da kowa."

"Ɗana ba shi da son kai."

"Na fi kowa shaida. Amma ba don shi aka yi dokar ba." Ya yi murmushi kaɗan. "Kuma da zai zo, kai ma sai ka nemi izinin Chitalu kafin ka gan shi."

"Gara in mutu."

Agogon falo yana ta tafiya. Chacko ya yi zancen liyafa, da ministan da ba a san ko zai zo ba, da injin wuta da ke ba shi wahala. Gervazio yana amsawa da eh da a'a. Daga ɗakin addu'a aka kaɗa ƙararrawar tsakar rana. A wannan watan agogon Roma da na Lusaka ɗaya suke. Suka miƙe suka yi addu'ar, Chacko da sauri-sauri, Gervazio bakinsa kawai ke motsi. Sannan Chacko ya ciro wayarsa, ya shafa, ya jira, ya sake shafawa.

"Ga ta," ya ce.

Ya karanta a hankali, yana juya Italiyanci zuwa maganar da tsohon zai gane. Fafaroma ya naɗa Monsinyo Dalitso Shawa jakadansa a wasu tsibirai na tekun Pasifik. Ya kuma ɗaga shi zuwa akbishop, wato babban bishop, na wani birni mai dogon suna.

"Barka, Baba. Wannan babban abu ne."

Gervazio ya koma ya zauna. "Tsibiran, sun fi inda yake nisa?"

"Sun ɗan fi."

"Birnin fa? Ina ne?"

"Arewacin Afirka."

"To ai Afirka ce."

"Tsohon birni ne, Baba. Ya rushe tun da daɗewa. Na taɓa ganin hoton irinsu, duwatsu ne da awaki."

"To su wa zai yi wa bishop?"

"Babu kowa. Duk jakada haka ake ba shi, don ba zai zauna da jama'a ɗaya ba. Suna ne kawai."

Gervazio ya dubi jerin hotunan. "Su ma duka haka?"

"Duka."

"Ban taɓa sani ba," ya ce. "Ina tsammanin kowa akwai garin da ke jiransa."

Sai ga ƙarar takalmi a baranda. Chitalu ne, ya ji daga bakin kuku, ya biya kicin ya cika hannu da garin masara. "Ina uban akbishop? Yau masu cin ɓera sun..." Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ga fuskar abokinsa. Garin yana zuba ta tsakanin yatsunsa a kan tayil. Ya rasa ko ya shiga ko ya koma. Daga ƙarshe ya tako a hankali, ya shafa wa Gervazio a goshi da kafaɗar kwat, ba tare da ihu ba, ya koma bakin aikinsa.

Wayar Gervazio ta yi ƙara a aljihu. Chacko ya tashi zai ba shi wuri, tsohon ya yi masa alama ya zauna.

"Baba! Ka ji?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

"Haba, Baba."

"To me zan ce maka yanzu?"

"Abin da ka saba. Kana ina ne? Na kira Misozi ta ce ka fita da kwat."

"Ina gidanku."

"Wane gida?"

"Mai tuta."

Gervazio yana jin kukan wani tsuntsu daga can, gari bai gama wayewa ba a wurinsu.

"Baba, ka ɗauka nan za a kawo ni?"

"Ban ɗauki komai ba. Mai cin biri na zo gaisarwa."

"Da na sani da ban faɗa maka haka ba. Ka saurare ni. Naɗin a Roma za a yi, cikin Janairu, zan aiko muku da tikiti kai da Misozi. Bayan nan, kafin in wuce tsibiran, wataƙila in sami mako biyu. Ka roƙi Kawu a ɗaga zuwa Fabrairu. Wannan karon zan zo."

Gervazio ya san Fabrairu a maƙabartar Leopards Hill. Jar laka har idon sawu, ciyawa ta fi kabari tsawo. Ya tuna ƙyallen da ya fara yagewa ta gefe, da Misozi durƙushe tana ɗaure shi da igiyar shanya.

"Uwarka ba ta son rufe fuska," ya ce. "Ko a coci ɗankwalinta baya yake zamewa."

"Baba..."

"Asabar za a buɗe."

"Amma ni ta ce."

"Kai ta ce, ni ma kai na ce. Amma na kai irinka filin jirgi da yawa, Dalitso. Na san nauyin wataƙila a gidan nan. Ba laifinka ba ne, kuma ba ƙarya kake yi ba." Ya goge gari daga girarsa. "Idan ka zo za ka same ta a buɗe. Ka karanta da kanka. Sunanka yana nan a ƙasa, shi ne na farko."

Ya ji ɗansa yana jan numfashi, irin jan da yake yi yana yaro idan ba ya so a san yana kuka.

"Wa zai yaye?"

"Wadda take ɗaurawa."

"Misozi." Dalitso ya faɗi sunan a hankali. "Daidai ne. Ita ya kamata tun farko. Chacko yana kusa? Ba ni shi."

Suka yi magana da Italiyanci, gajera. Gervazio ya tsinci kalmar Asabar da kalmar uwa, su kaɗai ya sani. Chacko yana ta cewa eh, idonsa a ƙasa. Da ya miƙo wayar, layin ya riga ya katse.

"Ya ce in je in yi addu'ar a madadinsa, idan ka yarda."

"Za ka iya barin gidan?"

"Leopards Hill cikin gari ne. Sai in bar Chitalu da tuta na 'yan sa'o'i." Ya tattara kofuna a tire. "Bara, da aka yi addu'ar kwana arba'in da ɗaya ta mahaifina a Kerala, wani Fada ne da ban sani ba ya tsaya mini. Har yau ban ga fuskarsa ba."

Gervazio ya gyaɗa kai. "To kada ka ci komai kafin ka zo. Akwai miyar ganyen kabewa. Misozi ta koya wurin uwarta, ba ta kai ta ba, amma kada ka faɗa mata. Ka ci naka ka ci nasa."

"Nshimar da gudaji ko babu?"

"Za ka ga yadda ake yi."

Ya miƙe ya ɗauki hularsa. A gaban ƙusar ya tsaya.

"Wanda za a rataya a nan, ko uwarsa tana da rai?"

"Ban sani ba, Baba."

"Idan ya zo ka tambaye shi. Ba a tambayarsu."

A bakin ƙofa Chitalu yana zaune a bencinsa, yana kakkaɓe hannu a wando.

"Asabar ɗin tana nan?"

"Tana nan. Ka zo da wuri, akwai kujerun da za a ɗauka. Aikin da kuka iya ke nan."

"Zan zo da abincina. Ban yarda da naman gidanku ba."

Ya buɗe masa, ya riƙe hannunsa ya ɗan daɗe bai saki ba.

A ƙarƙashin wata bishiyar jakaranda Gervazio ya tsaya ya kira gida. Bugu ɗaya Misozi ta ɗauka.

"Ce wa kawunki su hau mota."

"Yaya ya kira ni. Na ji." Muryarta a hankali take. "Baba, kana lafiya?"

"An ba shi tsibirai, da wani gari na awaki. Ki gaya wa matan zumunta atamfarsu tana nan, su dai canza rubutun." Ya gyara murya. "Kina da farar riga mai kyau?"

"Ta me?"

"Ke za ki yaye."

Can ya ji an ajiye wani abu kamar murfin tukunya, sannan ta ce, "Kawu zai yi magana."

"Ni zan amsa masa. Ki sa ruwan wanka, ina hanya."

A shataletale bas ta tsaya, sai ga kwandastan safe yana dukan rufi yana kiran Chilenje. Ya gane kwat ɗin, ya matsa masa wurin ɗazu. Mota ta tashi. Daga gabas hadari ya fara haɗuwa, bai yi baƙi ba tukuna. Kwandastan ya dubi garin da ke goshin tsohon da kafaɗarsa, ya washe baki.

"Mudala, abokan wasa sun kama ka ke nan. Biki ne ko makoki?"

Gervazio ya taɓa garin da ke goshinsa. Ya dubi titi ta taga har suka wuce bishiyoyin.

"Chilenje zan sauka," ya ce.